Iyaka Uku a Cikin Isaka

Ranar Talata kasuwar Gidan Kurna take ci, can ƙasar Buza, inda tudun baƙaƙen duwatsu yake gangarowa ya durƙusa a bakin fadama. A ƙarshen layin masu gishiri akwai wata aduwa mai rowar inuwa. A gindinta Barmo wanzami yake shimfiɗa tabarmarsa tun gemunsa yana baƙi. Yau gemun ya yi fari, idon hagu ya fara hazo, gwiwa tana ƙara idan zai tashi, amma tsufa bai sauko hannunsa ba tukuna.

An san shi da aski mai laushi, an kuma san shi da tambaya. Duk wanda ya zauna gabansa ya miƙa kai, to ya shirya amsa. Ya taɓa tsare wani direban babbar mota har la'asar yana son ya ji abin da ke sa taya zafi alhali babu wuta a cikinta. Ya tambayi malamin lekwal, wato makarantar boko, inda ruwan rijiya yake komawa da bazara. Ba ƙure yake nema ba. Idan aka ba shi amsa sai ya tsayar da hannu a sama, ya juya maganar a baki kamar mai tsotsar ɗan aduwa, sa'an nan ya ce, "To, shi kuma wancan mi ya sa shi?"

Wanzancin gado ne. Ubansa ya koya masa aski da ƙaho da kaciya, amma abin da Barmo ya fi riƙewa shi ne taɓa ciki. Saifa tana zaune ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, a ɓoye, mai lafiya ba ya sanin yana da ita. Sai ta kumbura take leƙowa. Wanzamai da yawa idan aka kawo musu mai saifa, tsaga suke yi ko'ina a kan kumburin, su shafa magani, su sallame shi. Gidan su Barmo ba haka suke yi ba. Sai an kwantar da mutum, an sa shi ya ja numfashi, an bi da yatsu a hankali har a sami bakin saifar, daidai inda taurinta ya ƙare. A nan ake jera ƴan tsagogi ƙanana, layi ɗaya, kamar yadda manomi yake dasa gamba tsakanin gonarsa da ta maƙwabci. Suna kiran layin iyaka. Tsohon yakan sunkuya ya ce wa saifar, da murya ƙasa-ƙasa, nan gonarki ta tsaya.

Barmo ya ce mini bai taɓa tabbatawa saifa tana jin magana ba. Abin da ya gani da idonsa shi ne, ta yara takan fito da damina tare da zazzaɓin sauro, wanda a nan ake kira palu, ta koma gida da rani, ko an tsaga ko ba a tsaga ba. Wannan ma tambaya ce da ya daɗe yana yawo da ita.

Shekarun baya ma'aikatan lafiya sun tara wanzaman karkarar kwana biyu, suka yi musu bayanin cututtukan da ke bin jini. Tun daga nan Barmo ya naɗe askar ubansa ya sa ta ƙasan zabira, ba ta taɓa kowa sai gemunsa. Kowane mutum da sabuwar rezarsa.

Isaka ɗan gwaggonsa ne, wato taubashinsa, kuma ko da Barmo ya girme shi da shekara ashirin, ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Mai haƙar rijiya ne. Da ƙuruciya ya yi bida, wato neman kuɗi, bakin teku shekara takwas, ya dawo ya auri Saude, ya ɗauki igiya da dundurusu. Da rani makiyayan arewa, gaba da Keita, suke kiransa aiki, ya yi wata uku yana kwana gindin itace kusa da ramin da yake haƙa. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, mai cin tuwo da gaske, kuma a kan cin nan Barmo yake tsokanarsa tun yana yaro.

Da kakar bara, ana ɗaurin gero, Isaka ya zo gindin aduwa yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu a ƙugu.

"Ga mai cinye rumbun kawunnai," in ji Barmo. "Kai kaɗai kat taho, ko cikin ya riga ka isowa?"

"Cikin ne ya kawo ni wurin tsohon da ba shi gani," in ji Isaka. "Taɓa ka ji."

Suka shiga bayan zana. Zazzaɓi ne, in ji Isaka, kwana ashirin ke nan, yana tashi yana kwanciya. Barmo ya bi da yatsu, ya sami bakin saifar, yatsa biyu ƙasa da haƙarƙari. Kafin ya buɗe zabira sai Isaka ya zaro sabuwar reza daga aljihu, tana cikin takardarta, da safar hannu ta roba irin ta gidan likita.

"Wanga hwa?"

"Sa. Ban son dauɗar hannunka."

Barmo ya sa. Ya jera tsagoginsa, ya goge, ya shafa magani. Da aka gama, Isaka ya tattara rezar da audugar da safar, ya ƙulle su cikin leda, ya mayar aljihu, ya tafi.

Shekara arba'in Barmo yana tsaga mutane, ba wanda ya taɓa tafiya da rezarsa. Tambayar ta zo masa har bakin harshe, ya haɗiye ta, abin da bai saba ba. Ya zauna yana juya ta shi kaɗai. Ya tuna kowane wata uku Isaka yakan shiga mota zuwa Madawa, wai zai dubo kasuwar albasa, mutumin da ba shi da ko fangali ɗaya na albasa. Ya tuna shekarun bakin teku. Kafin kasuwa ta watse ya gane. Isaka yana da sida, wato ƙanjamau, Madawa yake zuwa karɓar magani inda ba a san shi ba, kuma ledar nan ba dauɗar hannun Barmo take tsare masa ba, hannun Barmo take tsarewa daga jininsa. Bai gaya wa kowa ba. Wanzami yana ganin abin da hula da wando suka rufe, kuma wanda ya faɗi abin da ya gani sau ɗaya ba ya sake ganin komai.

Isaka ya dawo lokacin dashen albasa. Saifar ta ƙetare iyakar da yatsa biyu. Barmo ya jera ta biyu a ƙasa da ta farko. Ya sake dawowa da sanyi ya fara sauka, ta ƙetare wannan ma, ta nufo cibiya, kuma taurinta ba irin wanda Barmo ya sani ba ne, kamar an ɓoye dutsen niƙa ƙarƙashin fata. Ya jera ta uku. A ranar jinin ya ƙi tsayawa da wuri, ga shi tsararo kamar ruwan da aka wanke nama.

Ba zaune Isaka yake ba duk wannan lokacin. Yana zuwa ɗan asibitin karkarar, wurin Mariyatu, babbar ma'aikaciyar wurin, wadda kowa yake kira Majoro. Ta ba shi maganin palu, zazzaɓi bai sauka ba. Ta ba shi na ciwon hanji, bai sauka ba. Daga baya ta tuna da wani kwalin gwaji da aka aiko musu saboda wani ciwon saifa da akan samu a arewa. Ta soki yatsansa, ta ɗiga jini a ɗan abin roba, suka jira. Layi biyu na nufin akwai, layi ɗaya na nufin babu. Layi ɗaya ya fito.

Abin da ya fi damun Barmo shi ne cin abinci. Marar lafiya yakan ture kwano. Isaka yana cinye malmala biyu ya nemi ƙari, amma kafaɗun nan suna zubewa, fatarsa ta yi toka-toka, gashin kansa ya yi laushi ya yi sharasara kamar na jariri. Ina abincin yake zuwa? Wa yake ci a ciki?

Da bazara ta kama, Isaka ya zo karo na huɗu, a kan jaki. Barmo ya riga ya ji cewa ya ba ƙanen Saude igiyoyinsa da dundurusunsa, kuma mai haƙar rijiya ba ya rabuwa da igiya sai ya gama da duniya. Suka shiga bayan zana. Isaka ya zaro reza.

"Mayar," in ji Barmo. "Ba ni tsagawa."

"Ka tsufa ke nan."

"Na tsufa. Amma ɗaga kai ka dubi cikinka. Ga ta hwari, ga ta biyu, ga ta uku. Yanzu ta wuce cibiya. Saifar palu ba ta ƙetare iyaka uku. Wagga wata ce, ban san ta ba."

"Ni na san ta," in ji Isaka. Ya juya fuska wajen zana. "Na san abin da ka cina. Bar wahal da kanka."

"Ni ma na san wanda kaka zuwa gaidawa Madawa."

Hayaniyar kasuwa ta cika wurin na ɗan lokaci. Wani yana cinikin akuya a bayan zanar.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kat tahi da rezarka kamar za ka shuka ta."

Isaka ya fara dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Saude ta sani. Daga ita sai lokotoron asibitin can. Shekara tara ina shan ƙwayata lahiya lau. Bara da nit tahi arewa rijiya ta ƙi ruwa, nid daɗe, ƙwaya ta ƙare mini wata biyu. Shi ne ya samu ƙohwa. Ba wani abu ba ne, Barmo. Shi ne."

"Shi wancan, an ce maka shina kumbura saifa haka?"

"Ban tambaya ba."

"Shina sa mutum cin malmala biyu?"

"Wannan tun ina yaro, kai ne shaida."

"Lokotoron Madawa ya taɓa cikin ga?"

Bai taɓa ba. Da ciwon yana ƙarami Isaka ya ce masa palu ce, ana yi masa magani a gida. Karo na ƙarshe kuwa ƙafa ta ƙi, Saude ce ta je ta karɓo masa ƙwayar. Ita kuma Majoro ba ta san da zancen Madawa ba, domin da ita da Saude gidan suna ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke sa hannu. Karne biyu Isaka yake da su, wato ƴan littattafan asibiti, ɗaya a Madawa ake rubuta shi, ɗaya a nan, kuma ba su taɓa haɗuwa a kan tebur ɗaya ba.

"Gobe ka raka ni wurin Majoro," in ji Barmo.

"Ni ne zan raka ka?"

"Awo. Tambaya gare ni, kuma a cikinka aka rubuta ta. Ba ni iya tahiya da ita in bar ka."

Da hantsi suka isa a amalanken jaki. Mariyatu mace ce gajera mai saurin hannu, gilashinta rataye da zare a wuya. Da ta ɗaga rigar Isaka ta ga tabban, sai ta sa gilashin ta dubi Barmo ta samansa.

"Baba Barmo, aikinka ne wannan?"

"Nawa ne, ɗiyata."

"Mutumin da jininsa ya ƙare kake tsagawa? Da ya ƙi tsayawa fa?"

"Ya kusa ƙi. Shi ya sa kika gan ni. Yi mini hwaɗan, na ci, amma in kin gama ki duba inda sunka hwaɗa."

Ya nuna mata layi na farko ya ce nan bakin saifar yake ranar da aka ɗaure geron maigari. Na biyu, Talatar da aka fara dashen albasa. Na uku, Talata biyu bayan sanyi ya fara sauka. Mariyatu ta sunkuya ta duba. Ta ɗauko awon tela daga aljihun rigarta, ta auna daga haƙarƙari zuwa kowane layi, ta sa hannu ta nemo inda bakin yake yau, ta rubuta lambobi huɗu a jere. Ta daɗe tana dubansu.

"Ban taɓa ganin an rubuta tafiyar saifa a fatar mutum ba," in ji ta. "Wannan tafiyar ta ciwon arewa ce sak. Zazzaɓin ma, da ramar, da jinin. Amma na gwada shi, Baba. Layi ɗaya."

"Nuna mini abin."

Ta ɗauko ɗaya daga kwali ta ba shi. Ya juya shi, ya kai shi kusa da idon dama, ya leƙa ɗan ramin da ake ɗiga jini.

"Ta ina shika ganin ciwon?"

"Ba ciwon yake gani ba. In ciwo ya shiga jiki, jiki yakan tada masu tsaronsa su fito. Su abin nan yake ganewa. Sawun masu tsaro yake nema, ba sawun ɓarawo ba."

Barmo ya tsayar da hannu a sama, abin yana tsakanin yatsunsa.

"To garin da masu tsaronsa sunka gaji? Ɓarawo ya shiga, ba wanda ya tashi."

"Sai ya ce ba kowa."

"Ya yi ƙarya ke nan."

"Bai yi ƙarya ba. Bai ji motsi ba ne."

"Wane irin jiki ne ba shi tashi?"

"Yaro mai tamowa. Ko mai sida, musamman in magani ya yanke masa." Ta buɗe karnen da ke gabanta ta juya shafi. "Na tambayi Malam Isaka tun farko, na ce a gwada. Ya ce an yi masa a wani wuri, lafiya lau."

Isaka yana kwance a kan gadon awo, idonsa a kan kwanon rufi. Barmo ya ce mini a wannan lokacin amsar tana bakinsa, kalma ɗaya ce, kuma ya san in ya faɗe ta watakila ya ceci ran taubashinsa. Amma ba tasa ba ce. Ya ajiye abin gwajin a kan tebur, ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Bari in duba jakin nan, kada shi ci shukar Majoro." Da ya kai ƙofa ya juyo. "Kai, mai cin tuwo. Gaba talatin kaka sauka cikin ƙasa da igiya ɗaya, ba ka taɓa cewa a jawo ka ba. Ɗaki ne wanga, ko zurhi babu."

Ya fita ya tsaya wurin jakin. Jakin ba abin da yake ci. Mata masu awon ciki suna shiga wata ƙofar suna fita, inuwar ginin tana janyewa daga ƙafarsa a hankali. Ya ce bai san jira yana da nauyi ba sai ranar.

Da Mariyatu ta kira shi, karne biyu ne a kan teburin. Na biyun ya lanƙwashe, ya yi zagayen cikin hula, inda yake kwana shekara tara. Hular tana hannun Isaka. Mariyatu tana rubutu, ba ta ɗaga kai ba.

"Asibitin Tawa za ku," in ji ta. "Gobe, ba jibi ba. Na rubuta musu kada su dogara da gwajin yatsa, su nemi abin da kansa. Abin da aka faɗa a ɗakin nan kuma, Malam Isaka, a ɗakin nan yake kwana. Ka gaida Saude, ka ce ina nan zuwa sunan Asabar."

A babban asibitin Tawa wani lokotoro saurayi ya karanta takardar, ya karanta karnen biyu, ya taɓa cikin, ya tambayi labarin tabban har sau biyu. Ya ce tun da jikin ba ya amsawa, sai a shiga inda ciwon yake ɓuya, cikin ɓargo. Aka kwantar da Isaka a gefe, aka kashe wurin da allura, aka huda ƙashin ƙugunsa da wata allura mai kauri, aka zuƙo abin da bai cika cokali ba. Barmo ya nemi a bar shi ya kalla, aka ce ya jira waje. Daga baya Isaka ya ce masa hannun yaron ya fi nasa laushi, Barmo ya ce ai shi bai taɓa kashe wa mutum wuri ba kafin ya tsaga, don ya san wa yake da zuciya.

Barmo bai zauna a benci ba. Ya bi ɗan gilashin da aka shafa ɓargon a kai har ƙofar labo, ɗakin gwaje-gwaje, ya tsaya a taga. Mai aikin wurin, Fatiha, ta kore shi sau biyu, a na uku ta gaji ta ba shi kujera. Ya ga ta busar da gilashin, ta zuba masa rini mai ruwan shuni, ta wanke, ta jira, ta ɗiga mai, ta sa shi ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ta sunkuya. Yatsunta suna murza ɗan dunƙule a hankali, tana bin gilashin layi-layi kamar mai neman allura a tabarma. Barmo ya gane aikin. Irin nasa ne, ido ne kawai a maimakon yatsa. Bai yi tambaya ko ɗaya ba sai da ta ɗago.

"Baba, zo ka gani. Da wane ido kake gani?"

"Na dama."

Da fari haske kawai ya gani, zagaye, kamar bakin rijiya ga wanda yake ƙasa. Ta murza masa. Sai ga wani abu kamar ƙwarya mai ruwan shuɗi, cike da ƴan ƙwayoyi kamar gero, wasu sun zube a gefenta. Kowace ƙwaya da ɗigo biyu a cikinta, babba da ƙarami.

"Ƙwaryar nan," in ji Fatiha, "ɗaya ce daga masu tsaron jiki. Aikinta ta haɗiye ciwo ta kashe shi. Waɗannan ta haɗiye su, suka zauna a cikinta suna haihuwa."

"Cikin gidan mai tsaro sunka tare."

"Nan da saifa da hanta."

"Su ne ka cin tuwon," in ji Barmo a hankali, idonsa bai bar madubin ba. "Ta ina sunka shiga?"

Ta ce wani ɗan ƙwaro ne yake kawo su, bai kai rabin sauro ba, ba ya kuka, tsalle-tsalle yake yi maimakon tashi, yana iya bi ta idon gidan sauro in idon yana da faɗi. Yana ɓuya a tsagar ƙasa da suri da kusa da itatuwa irin su aduwa.

"Shekara arba'in ina zaune gindin aduwa."

"Ba kowace ba, Baba."

"Yaya sunan ciwon?"

"Kala-azar."

"Kalan azahar?" Ya ɗago. "Ai kuwa. Da azahar zazzaɓin nan shika tashi, shi kale abin da ya rage."

Ta gyara masa sau biyu, ta bari.

Akwai magani. Ruwa ne ake ɗaurawa a jijiya kwana bayan kwana, da ƙwayoyi a kai, kusan wata guda. Ranar farko Isaka ya yi rawar sanyi har gadon yana ƙara. Cikin mako na biyu zazzaɓin ya sauka bai dawo ba. Saude ta zo da fura, Barmo ya koma gida saboda kasuwa, ya bar mata tabarmarsa. Ranar sallama lokotoron bai ɓoye wa Isaka komai ba. Ya ce a jiki irin nasa ciwon nan ba ya cika fita duka, yakan laɓe ya jira, yana iya dawowa. Abin da zai tsare shi shi ne ƙwayar Madawa, kada ta sake yankewa ko kwana ɗaya, da zuwa awo a kan lokaci. In zazzaɓi ya wuce mako, ya taho kai tsaye, kuma duk inda ya je ya faɗi duka biyun, domin mai neman ɗaya ba zai same shi ba sai ya san da ɗayan. Wanzami kuma ya taɓa in yana so, amma kada ya tsaga.

Mutanen Gidan Kurna sun ga an tafi da mutum a kwance, sun gan shi ya dawo da ƙafarsa, dole su tambaya. Isaka ya daɗe yana tsoron ranar da za a tambaye shi abin da ke damunsa. Yanzu yana da amsa, kuma gaskiya ce. Amma bai samu ya ba da ita ba, Barmo ya riga shi. Talata uku a jere, duk wanda ya zauna aski sai ya ji labarin kalan azahar, da ƙwaron da ba ya kuka, da ƙwaryar shuɗi, da ƴan geron masu ido biyu. Har liman ya zo ya tambaya ko sunan yana da alaƙa da salla. A cikin wannan dogon bayani, mutumin da bai taɓa barin tambaya ta kwana ba bai bar ko ƙofa ɗaya da za a tambayi wani abu daban ba.

Damina ta sauka da wuri bana. Talatar da ta wuce na iske Isaka zaune a tabarmar, kansa a hannun Barmo, gashin ya fara tauri. Har yanzu rigarsa ta yi masa yawa. Yana cewa in ƙarfi ya dawo ba zai koma arewa ba, akwai rijiyoyin lambu a fadama da suke bukatar yasa, kusa da gida, kusa da hanyar mota.

"Gaba nawa?" in ji Barmo.

"Huɗu, biyat."

"Wannan ai rami ne. Ko ni na shiga."

"Shiga mana. Wa zai jawo ka?"

"Tsaya da kai," in ji Barmo, "kada in yanke maka kunne, Majoro ta ce na sake."